MURYAR DA TA ZO TA GIDAN WAYA

 

Ranar wata Asabar da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, na kunna wata tsohuwar waƙa a wayata na ajiye a kan tabarma, sai ƙanwata ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Yaya, me kike soyawa ne haka da safen nan ba ki kira ni ba?" Na yi dariya har na kusa ɓarar da tiren. Na ce mata babu abin da ke kan wuta, waƙa ce. Ta ƙaraso ta kasa kunne, can ta yamutsa fuska ta ce ita dai ba ta jin komai sai ƙarar ƙosai a cikin mai, sai kuma wata mata can nesa kamar daga cikin rijiya take rera waƙar.

Wallahi ban ga laifinta ba, domin kuwa haka waƙar take. Matar da ke cikin rijiyar sunanta Ma Rainey, baƙar fata ce 'yar ƙasar Amurka, an ɗauki muryar tata tun a shekarar 1924, kamfanin da ya ɗauka kuwa sunansa Paramount. Kada ki haɗa shi da kamfanin fina-finan nan mai hoton tsauni, suna ne kawai ya zo ɗaya, babu dangin iya babu na baba. Tun daga ranar nake ta juya maganar yarinyar nan a raina, wai me ya sa muryar da ta riƙa cika manyan rumfunan kallo za ta iso gare mu a cikin ƙarar suya? Da na bi diddigi sai na tarar ashe ƙarar nan tarihi ce sukutum, tarihin kuma ya taɓa ni a matsayina na mai rubutu tana sayarwa, shi ya sa na ce bari in kawo mana shi mu tattauna.

Abin da zai fara ba ki mamaki, 'yar uwa, masu wannan kamfani ba makaɗa ba ne, ba kuma mawaƙa ba. Kafintoci ne. Asalin sana'arsu ƙera kujeru a wani ƙaramin gari mai suna Port Washington da ke jihar Wiskonsin, can arewacin Amurka inda sanyi ke daskarar da ruwa. Da garmaho ya shigo yayi sai suka fara ƙera akwatunan katakon da ake sa shi a ciki, daga nan suka ce to me zai hana su ƙera garmahon gaba ɗaya su sayar da abinsu? Ga 'yan matanmu da ba su riski garmaho ba, akwati ne mai hannu a gefe da ake wanawa, a ɗora masa baƙin faifai mai faɗin faranti, a sauke allurar ƙarfe a kai, faifan na juyawa sau 78 a minti ɗaya, waƙa na fita. Kowane gefe waƙa ɗaya ce ta kamar minti uku, in kuwa ya suɓuce ya faɗi to sai dai tsintar gutsattsari, kamar tangaran.

To ai garmaho ba ya sayuwa in babu abin ɗora masa. Wannan ne ya sa a shekarar 1917 suka buɗe reshen yin faifai, suka kafa injinan bugawa a wani gari kusa da su mai suna Grafton, a bakin kogin Milwaukee. Ki riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen duk abin da zai biyo baya: a wurin mutanen nan akwatin katakon shi ne haja, waƙar kuwa gyara ce, irin ɗan gyaran da mai tumatir ke ƙara miki don gobe ki dawo.

Shekarun farko ba su ci kasuwa ba. Irin waƙoƙin turawa da manyan kamfanoni ke bugawa su ma suke bugawa, ga nasu bai kai na waɗancan kyau ba, wa zai bar mai kyau ya ɗauki maras kyau? Ana nan sai a 1920 wata baƙar fata mai suna Mamie Smith ta yi faifai a wani kamfanin daban, baƙaƙen fata suka yi masa rubdugu da saye. Nan idon 'yan kasuwa ya buɗe, ashe akwai miliyoyin mutane masu son jin muryar 'yan uwansu, babu dai wanda ya taɓa kula su ne. A 1922 Paramount ya buɗe jerin faya-fayai na musamman don baƙaƙen fata, a 1924 kuma ya haɗiye wani ƙaramin kamfani mai suna Black Swan, wanda baƙar fata ne ya kafa shi a 1921 amma jari ya gaza masa. Salon waƙar da suka fi bugawa shi ake kira blues, waƙar kukan zuci da fayyace damuwa. A bakinmu sunan kan fito kamar "bulus", kuma in kin bi ni zuwa ƙarshe za ki ga sunan ya dace, don kuwa an ci bulus.

Sai dai fa akwai matsala. Masu son waƙar yawancinsu suna can kudancin ƙasar, jikokin bayi ne, da yawa suna noman auduga a gonakin da ba nasu ba, a ƙauyukan da babu kantin faifai ko ɗaya. A birane ma doka ta raba baƙi da fari a makaranta, a jirgin ƙasa, har wurin shan ruwa, baƙar fata ya shiga kantin bature da kuɗinsa sai ya tsaya an gama da kowa tukuna. Kamfanin kuwa ƙarami ne, ba shi da ƙarfin manya irin su Victor da Columbia da suka riga suka kama kantuna. A nan ne suka yi dabarar da ta fito da su, wato suka jingina da gidan waya.

Ga yadda abin yake. Akwai wata jarida ta baƙaƙen fata mai suna Chicago Defender da ake bugawa a Shikago tun 1905. Ma'aikatan jirgin ƙasa baƙaƙen fata masu hidimar fasinja su ke ɗaukarta su gangara da ita kudu, wani lokaci a ɓoye don akwai garuruwan da turawa ba sa son ganinta, kwafi ɗaya ya zaga hannu da hannu, mai karatu ya karanta wa marasa karatu. A cikin wannan jarida Paramount ke saka talla mai zane, a ƙasan tallan akwai ɗan gurbi da aka jera lambobin faya-fayai. Mace na zaune a ɗakinta sai ta sa almakashi ta yanke gurbin, ta yi alama a kan lambar da take so, ta rubuta sunanta da adireshinta, ta sa a ambulan ta manna kan sarki ta aika Port Washington. Ba ta haɗawa da ko sisi. Sai ranar da mai raba wasiƙu ya kawo ƙunshin har ƙofar gida sannan ta biya shi, kowane faifai senti 75, wato dala ɗaya ba kwata, da ɗan ladan kawowa. In biyu ta saya ko fiye, kamfani ne ke ɗaukar kuɗin aikawa. Bayan wannan suna da dillalai masu bi gida-gida, suna kuma ba wasu kantuna sari, amma hanyar wasiƙar nan ita ta kai su lungunan da manyan kamfanoni ba su taɓa takawa ba.

A nan dole in tsaya in yaba, domin yabon gwani ya zama dole. Ke da kika san zaman gida, kika san yadda ake aiken yaro ya sayo abu ya dawo da wani daban, ke za ki fi kowa gane daɗin wannan tsari. Ki ɗauki mace mai wankau da guga a gidajen turawa, wuni take a tsaye ana kiranta da sunan da aka ga dama. Sai ga ƙunshi ya zo daga wata uwa duniya, an rubuta cikakken sunanta a kai, ita ta zaɓa, ita ta biya da guminta, ba wanda ya harare ta, ba wanda ya ce ta koma baya. Ta kwance, ta wana garmaho, sai ga muryar mace irinta tana faɗin abin da ke cin ranta. Senti 75 ba ƙananan kuɗi ba ne a hannun irin wannan baiwar Allah, amma ta cire ta bayar, kuma ni ban ga almubazzaranci a ciki ba.

Har wasa suka riƙa yi da masu sayen. A 1924 sun fitar da wata waƙar Ma Rainey babu suna, suka ce kowa ya saurara ya aiko da sunan da ya ga ya dace ta wasiƙa, wanda nasa ya yi fice a ba shi kyauta. A shekarar dai suka buga wani faifan da hotonta a tsakiya, abin da ba a saba yi wa mawaƙa ba a lokacin. Dabarar kasuwa ce, na sani, amma ta sa talaka ya ji ana shawara da shi.

Yanzu bari mu zo kan hajar kanta. Ma Rainey, wadda sunanta na yanka Gertrude, ta shafe kusan shekara ashirin tana yawon wasa gari-gari a cikin tanti kafin a taɓa ɗaukar muryarta. Daga Disambar 1923 zuwa 1928 ta yi wa Paramount waƙoƙi kusan 100, suna tallata ta da laƙabin uwar blues. A dandali takan fito ne daga cikin wani ƙaton akwati da aka ƙera kamar garmaho, wuyanta da sarƙar tsabar zinare. Na saurari waƙoƙinta da dama, kuma ga abin da na gani. Muryarta mai kauri ce, ƙasa-ƙasa, ba ta gaggawa, ba ta kuma yi wa kalma kwalliya. Takan ja kalma ɗaya ta riƙe ta kamar mai nishi a ƙarƙashin kaya, sannan ta sauke ta a hankali, masu busa su amsa mata. Ko ba kya jin turancin, kin san wannan ba yarinya ba ce, mace ce da ta ga jiya ta ga yau. Abin da take waƙa a kai kuwa ba baƙonmu ba ne: miji ya sa ƙafa ya tafi bai waiwayo ba, miji mai duka, wata ta shigo tsakani, babu kuɗin haya, ɗan uwa na kurkuku, mace ta ɗaure kayanta ta nufi tasha. Abin da ya fi burge ni shi ne matan cikin waƙoƙinta ba sa tsayawa a kuka kaɗai. Suna kuka, suna masifa, wani lokaci su yi wa kansu dariya, sannan su miƙe.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai waɗanda ban ji daɗinsu ba. Wasu na yabon barasa ne, wasu kuma maganar ɗaki ce aka fito da ita tsakar gida, irin waɗanda ba zan kunna a gaban yara ba. Kamfanin ma ya lura irin waɗannan na tafiya a kasuwa, sai ya riƙa tura su gaba, alhali a gefe guda yana buga waƙoƙin coci da wa'azin fastoci, duk dai wanda zai kawo senti 75. Haka nan wasu zane-zanen tallan nasu, in kin gani sai ranki ya ɓaci, an zana baƙar fata da siffar izgili, ana neman kuɗin mutum ana kuma yi masa dariya.

Amma babban laifin da nake tuhumarsu da shi, shi ne wancan da ƙanwata ta ji da kunnenta. A wancan zamani ana yin faifai ne da wani irin ƙaro da ake samu daga jikin wasu ƙwari a ƙasar Indiya, a cuɗa shi da garin dutse da wasu abubuwan. Ƙaron ne mai tsada. Paramount sai suka riƙa tsuke hannu, suna cika haɗin da kayan araha, ga ɗakunan ɗaukar muryar tasu ba na kirki ba. A 1925 manyan kamfanoni suka koma ɗaukar murya da lantarki mai fitar da sauti tangaran, su kuwa ko da suka bi sahu na'urar da suka samu ba ta kai ba. Saboda haka faifansu tun yana sabo fil yake shashshaka, in an ɗora masa allura sau da yawa kuma sai ya ƙara lalacewa. Araha ba ta ado. Ki saurari Bessie Smith, wadda ta taso a bayan Ma Rainey amma ta yi dace Columbia ne ya ɗauke ta, za ki ji murya garau kamar tana ɗakin. Sannan ki dawo ki saurari uwar, sai kin kutsa cikin hayaniya kafin ki same ta. Masana da yawa na ganin wannan na cikin dalilan da suka sa sunan Bessie ya fi tafiya. Ashe rowar ɗan kasuwa na iya rage wa mutum daraja har bayan ransa.

Sai maganar haƙƙi. Mutumin da ya fi kowa kawo wa kamfanin mawaƙa a Shikago shi ne J. Mayo Williams, baƙar fata ne mai digirin jami'a. Turawan Wiskonsin ba su san komai a kan wannan kiɗa ba, shi ne idonsu shi ne kunnensu. Amma ba su yanka masa albashi ba, sai suka ce ya riƙa cin kaso daga la'adar waƙoƙin da ya kawo. Kin ga an haɗa shi da 'yan uwansa a kwano ɗaya ke nan, duk lomar da mawaƙi ya ɗauka ta ragu a tasa. Yadda aka saba shi ne a biya mawaƙi 'yan kuɗi a hannu ranar ɗauka, ya sa hannu ko ya dangwala a takarda, mallakar waƙar ta koma wani reshen kamfanin, ko faifai nawa aka sayar daga baya ba ruwansa. Da yawansu ba su iya karatu ba, wasu ma makafi ne, kamar Blind Lemon Jefferson mutumin Teksas, wanda faya-fayansa suka riƙe kamfanin daga 1926 har rasuwarsa a 1929. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ki ji na Alberta Hunter. Ita da wata makaɗiyar piyano mai suna Lovie Austin suka tsara wata waƙa, ta rera ta a Paramount a 1922. Shekara na zagayowa Bessie Smith ta sake rera ta a Columbia, aka sayar da dubu ɗaruruwa. Abin da ya shigo hannun Alberta na la'ada dala 368 ne kacal. Amma ita Allah ya yi mata tsawon rai da taurin zuciya. Bayan ta bar waƙa ta rage shekarunta ta shiga makarantar jinya, ta yi shekara 20 tana aikin nas a wani asibiti a New York. A 1977 suka sallame ta a kan ta kai 70, ba su san 82 gare ta ba. Sai ta koma dandali, ta ci gaba da waƙa ana cika wuri har zuwa rasuwarta a 1984. Ma Rainey kuwa da ma mace ce mai lissafi, ba ta dogara da faifai ba, tana da ƙungiyar wasanta. Da kamfanin ya ajiye ta a 1928 don wai yayinta ya wuce, ta ɗan ci gaba da yawon wasa, daga baya ta koma garin Columbus na jihar Jojiya tana kula da gidajen kallo, ta rasu a 1939. A takardar shaidar mutuwarta, wurin da ake rubuta sana'a, aikin gida aka rubuta. Ba raina aikin gida nake ba, ni ma shi na ajiye na ɗauki biro. Amma mace ta yi waƙa kusan 100, ta ciyar da ma'aikata, a ce alƙalami bai ga ko ɗaya ba? Allah sarki.

Akwai ma wadda ta fi ba ni tausayi, Geeshie Wiley. Ita da abokiyar kiɗanta Elvie Thomas sun je Grafton a 1930, waƙa shida kawai suka bari. Masu nazarin wannan kiɗa suna sa waƙoƙin nan cikin mafi ratsa jiki da aka taɓa ɗauka, ni ma da na ji ɗaya sai da tsigar jikina ta tashi, murya ce siririya mai sanyi kamar ta wadda ta riga ta gama kukanta. Amma ko hoton Geeshie guda ɗaya babu a hannun kowa. Ta shigo, ta rera, an sallame ta, ta ɓace.

Ƙarshen kamfanin bai yi kyau ba. Rediyo ya shigo gidaje yana ba da kiɗa kyauta, sannan a 1929 tattalin arzikin Amurka ya rushe, kuma kin san in fari ya zo talaka yake fara kayarwa. Wanda ba shi da na burodi ina zai ga na faifai? Abin takaicin shi ne a daidai wannan lokaci ne suka ɗauki manyan gwanayen Misisipi, Charley Patton a 1929, Son House a 1930, Skip James a 1931, aka buga kaɗan-kaɗan, aka sayar da ƙasa da haka. A 1932 suka daina ɗaukar murya, kafintoci suka koma kan kujerunsu.

To ina uwayen faya-fayan? Kowace waƙa tana da uwa ta ƙarfe wadda daga jikinta ake buga sauran, in tana nan ko bayan shekara ɗari za a iya fitar da sauti mai tsabta. Waɗannan uwaye aka bar su jibge a tsohuwar masana'anta, lokacin yaƙin duniya na biyu aka sayar da mafi yawansu a matsayin ƙarafan gwangwan aka narkar. Mutanen Grafton na ba da labarin wai ma'aikatan da aka sallama sun riƙa wurga faya-fayai cikin kogi don haushi, har a 2006 aka sa masu nutso suka shiga nema, ba su fito da komai ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Dukiya ce a hannunsu suka auna ta a sikeli.

Kin san waɗanda suka ceci abin da ya rage? Masu sayen nan ne. Matan nan da mazan nan da suka yanki gurbin jarida suka aika. Bayan shekara talatin da wani abu, masu sha'awar tsofaffin faya-fayai suka riƙa bin unguwannin baƙaƙen fata a kudu ƙofa-ƙofa suna sallama suna tambaya, tsofaffi na jawo su daga ƙarƙashin gado da cikin akwatunan kaya. Kusan duk abin da duniya ke ji yau na Paramount daga irin waɗannan aka kwafo shi. Wata waƙar kwafi ɗaya tak ya rage, wata kuma an san an yi ta amma babu wanda ya sake ganinta. A 2013 an sayi faifai guda na wani mawaƙi Tommy Johnson a kan dala 37,100, abin da aka sayar senti 75. A 2013 da 2014 aka tattara waƙoƙi 1,600 aka fitar a cikin manyan akwatuna biyu na alfarma. Garin Grafton ma tun 2006 ya shimfiɗa wani dandali mai siffar madannan piyano yana rubuta sunayen mawaƙan a kai. An karrama su, amma bayan ƙasa ta rufe ido.

Da na fahimci wannan sai na koma na sake kunna waƙar nan, na ji ƙarar suyar da wani kunne daban. Ashe iyayenta biyu ne. Rabi rowar kamfani ce. Ɗaya rabin kuwa sawun allura ne, wata mata ce a wani ƙauye ta ɗora faifan nan ta sake ɗorawa, dare da rana, ita da maƙwabtanta, har ya side, sannan ba ta yar ba ta adana.

Hukuncina a kan Paramount ke nan: sun yi abin kirki ba da niyya ba, sun yi ɓarna da saninsu. Ba don su ba da muryoyi da yawa sun tafi kabari da masu su, wannan ba za a ƙwace musu ba. Amma ba ƙaunar waƙar ce ta kai su ba, shi ya sa ba su kyautata haɗin ba, ba su biya masu ita yadda ya kamata ba, ba su kuma adana ta ba.

Abin da ya sa labarin ya tsaya mini a wuya, ni ma na taɓa zama a kujerar Alberta. Littafina na farko, ina ɗokin in ga sunana a bango, wani ɗan kasuwa ya ƙirgo 'yan kuɗi ya ba ni, na miƙa masa rubutun hannuna gaba ɗaya ban rage ko kwafi ba. An buga, an sake bugawa, ni dai sai labari nake ji daga bakin masu karatu. Da na je neman asalin rubutuna sai aka ce an yi ƙaura da shago, ba a san inda ya shiga ba. Tun daga nan na koyi buga abina da kaina, ko da ɗari biyar ne.

Don haka ke mai rubutu a ɓoye cikin littafin makaranta, da ke mai tsara waƙar biki, da ke mai haɗa turare ko zanen ɗinki da wani ke zuwa ya sara, ga 'yar shawarata. Kada ɗoki ya sa ki dangwala hannu a takardar da ba ki karanta ba, in ba ki gane ba ki kai wa wanda ya sani ya duba miki. Ki sayar da 'ya'yan, amma uwar ta kwana a ɗakinki. Ke kuma mai saye, kada ki raina kanki, kuɗin da kika cire kika biya da adanawar da kika yi su ne ke raya aikin, kamar yadda matan can suka raya nasu.

Ƙanwar tawa dai har yau in ta ji na kunna sai ta ce, "Yaya an ɗora ƙosan ke nan?" Ni kuma in ce mata ta zo ta zauna, in ta yi haƙuri ta saurara sau uku za ta daina jin man, ta fara jin matar. Jiya na ji ta a kicin tana bin amon a hankali, ba ta san ina jin ta ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Kurakuran da ke ciki a yafe ni.

Taku har kullum.